Kason wata-wata ya ƙaru, ina kuɗin suke shiga?

Wani malamin firamare daga ƙasar Jega a jihar Kebbi ya aiko da tambaya. Ya ce tun da aka cire tallafin mai yake jin rediyo na cewa kuɗin da Abuja ke raba wa jihohi da ƙananan hukumomi sun ƙaru, kowace shekara kuma a ce an ware biliyoyi ga ilimi, amma ajin da yake koyarwa ya daɗe babu rufin kirki. Yana so a fayyace masa asusun tarayya, kasafin kuɗi, asusun haɗin gwiwa da hauhawar farashi, a kuma gaya masa wa zai tunkara: ciyaman, gwamna ko ɗan majalisa. In ma kiranye ne mafita, wato masu zaɓe su janye wakilinsu kafin wa'adinsa ya cika, ya ce a faɗa masa.

Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi aiki a ɓangaren kasafi da baitulmali har na ajiye, don haka zan bi da kai ta hanyar da kuɗin suke bi, tun daga inda ake tara su har inda suka saba maƙalewa. Abin da rediyo ya faɗa gaskiya ne, abin da idonka ya gani shi ma gaskiya ne. Tsakaninsu akwai ofisoshi da yawa, kowane da sunansa da mai riƙe da shi.

Ka san gwamnati hawa uku ce: tarayya, jihohi 36, ƙananan hukumomi 774. Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓun kansiloli 225. Tarayya da jiha kowace tana da rassa uku: masu zartarwa, majalisar dokoki da kotuna. Ƙaramar hukuma ba ta da kotun kanta, ciyaman ne da kansiloli. Kundin tsarin mulkin 1999 ya raba musu aiki. Soja, 'yan sanda, kwastan, buga naira da ma'adinai duk na tarayya ne ita kaɗai, shi ya sa zinaren da ake haƙa a ƙasar Yawuri, ko da a gonar kakanka aka same shi, sashe na 44 ya ce na gwamnatin tarayya ne. Wasu ayyukan kuma gwamnatin tarayya da jiha kowace tana da hannu a cikinsu, kuma gyaran da aka yi wa kundin a 2023 ya ƙara wa jihohi iko a kan lantarki, jirgin ƙasa da gidajen yari. Ƙaramar hukuma kuwa jadawali na huɗu ne ya jera mata nata: kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa. Da aka zo kan firamare da lafiya da noma, sai kundin ya ce za ta sa hannu tare da gwamnatin jiha, bai ce nata ne ita kaɗai ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Asusun tarayya, wanda sashe na 162 ya kafa, shi ne inda manyan kuɗin shigar ƙasa ke taruwa kafin a raba: kuɗin ɗanyen mai da iskar gas, harajin kamfanoni, kuɗin fito da kwastan ke karɓa a tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka irin ta Kamba. Mutane da yawa suna ɗauka asusun gwamnatin tarayya ne, tana tsakura wa jihohi don alheri. Ba haka ba ne. Na hawa ukun ne gaba ɗaya, kuma kowane wata ministan kuɗi da kwamishinonin kuɗi na jihohi da akanta janar suna zama a Abuja a kwamitin da ake kira FAAC, su raba abin da ya shigo a watan da ya wuce. Kafin rabo ana fitar da ladan hukumomin da suka tara kuɗin, a kuma ba jihohin da aka haƙo arzikin a ƙasarsu kashi 13 cikin 100 na abin da ya fito daga gare su. Kebbi ba ta da rijiyar mai, don haka babban rabon wannan kashin yana tafiya Neja Delta. Abin da ya rage, a cikin kowace naira 100 tarayya na ɗaukar naira 52 da kwabo 68, jihohi 36 su raba naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi 774 su raba naira 20 da kwabo 60.

Yadda jihohi ke raba nasu a tsakaninsu shi ma yana da ma'auni. Kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa abubuwan ci gaban jama'a irin su makarantu da asibitoci, kashi 10 na ƙarshe bisa ƙoƙarin da jiha ta yi wajen tara nata kuɗin. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ƙidaya ke zama abin faɗa a ƙasar nan. Ta ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba Kebbi mutum sama da miliyan 3, yaran da aka haifa a shekarar kuwa yanzu wasunsu iyaye ne.

Harajin VAT, wanda ake ɗora wa kaya da hidimomi, yana da nasa rabon dabam. Tun Fabrairun 2020 kashi 7.5 ne. A da tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026, sun mayar da shi 10, 55 da 35. Duk lokacin da ka sayi katin waya ka biya shi, ko ba ka ga rasit ba.

To, me ya sa kason ya ƙaru bayan Mayun 2023? Kafin lokacin, kamfanin mai na ƙasa yana cire kuɗin tallafi tun kafin ya zuba komai a asusun tarayya. A 2022 kaɗai abin da tallafin ya ci ya haura naira tiriliyan 4, har akwai watannin da kamfanin bai kawo komai teburin rabo ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi a jawabinsa na kama aiki ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ramin ya ragu. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa a rediyo ba, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi. A watan Yuni na wannan shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke lissafawa a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Mai da dala ake sayar da shi. Ko ganga ɗaya ba a ƙara haƙowa ba, in aka canja kuɗin zuwa naira za su ninka fiye da sau uku a takarda. Shi ma VAT yana hawa da kansa idan kaya suka yi tsada, tunda kaso ne na farashi. Wato wani ɓangare mai yawa na ƙarin da ake shela, tsadar da ke cin aljihunka ce ta koma ta fito a littafin gwamnati a matsayin kuɗin shiga.

Nan hauhawar farashi ta shigo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana bin farashin tarin kayan da gida ke buƙata, abinci, haya, sufuri, magani, ta gwada na wannan watan da na irinsa a bara. A Disambar 2024 ta ce hauhawar ta kai kashi 34.80, ma'ana abin da ka saya naira 1,000 a Disambar 2023 ya koma kusan naira 1,350. A Janairun 2025 sai aka ji 24.48, mutane suka yi ta tambaya ko an yi araha ne su ba su sani ba. Abin da ya faru shi ne an sabunta ma'aunin, an canja shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, an kuma sake nauyin da aka ba kowane kaya. Ko ba a taɓa ma'auni ba ma, saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Farashin yana ci gaba da hawa, gudunsa ne ya ragu. Babban Banki yana yaƙar hauhawa da ƙara kuɗin ruwa, ya ɗaga shi daga kashi 18.75 a 2023 zuwa 27.50 a ƙarshen 2024, don bashi ya yi tsada, kuɗin da ke yawo su ragu. Wannan magani yana aiki a kan masu hulɗa da banki da masu sayen dala. A kan buhun albasar Aliero ko shinkafar Suru kuwa ƙarfinsa kaɗan ne, domin abin da ke tura farashinsu shi ne kuɗin mota, kuɗin taki, man injin ban ruwa, ambaliya da rashin tsaron da ya hana wasu zuwa gona. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin dalili: idan naira ta faɗi a kan sefa, ɗan kasuwar da ya ƙetaro daga Nijar ko Benin yana ganin hatsinmu da araha, ya saya da yawa, farashi ya tashi a kasuwar Jega.

Ka auna da kanka. Litar man da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kwano da siminti da katako duk sun bi sahu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, kuma albashi shi ne abin da jiha ke fara biya. Idan kason jiha ya ninka biyu, kuɗin gina aji ya ninka biyu da wani abu, adadin azuzuwan da za a iya ginawa bai ƙaru ba. Ban faɗi wannan don wanke kowa ba. Ƙarin yana nan, har bayan an cire tsadar akwai saura, kuma hakkinka ne ka tambayi inda ya shiga. Amma in za ka yi tambayar, ka yi ta da lissafin da ba za a iya kore shi da magana ɗaya ba.

Ban da abin da ke zuwa daga Abuja, jiha tana da kuɗin shiga na cikin gida: harajin da ake cirewa a albashinka kafin ya iso hannunka, kuɗin lambar mota, kuɗin fili da takardar mallaka, tara da lasisi. Namu kaɗan ne ƙwarai. A rahoton hukumar ƙididdiga na 2023 Kebbi tana cikin jihohi uku na ƙasa, abin da ta tara bai kai naira biliyan 12 ba, alhali Legas ta haura biliyan 800. Kada wannan ya sa ka ɗauka ba mu samar da komai. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Nuwambar 2015, ga manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, ga kifin Yawuri, ga dabbobi. Arzikin da jama'a ke samarwa dabam, abin da ke shiga baitulmali dabam. Manomi da ɗan kasuwar ƙauye ba su da takardar albashi da za a cire haraji a ciki, ɗanyen abinci kuma ba a ɗora masa VAT.

Bari in ɗan ratse, domin wannan ya daɗe yana damuna. Iyayenmu sun yi zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, lokacin da Gwandu da Argungu da Yawuri kowace ke da baitulmalinta da ma'ajinta. Dagaci ya bi gida-gida ya karɓi haraji, a ƙirga shanu a karɓi jangali, da kuɗin a biya malamin elemantare da ɗan doka da mai ba da magani. An yi zalunci a wajen karɓar, babu mai musun haka, mutane sun gudu sun bar garuruwansu saboda haraji. Amma wanda ya biya ya san ya biya, hukuma kuma ta san in talaka ya tsiyace ita ma ta tsiyace. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, kuɗin mai suka maye gurbin haraji, sai hukuma ta daina duban ƙasa ta koma duban Abuja. Ciyaman ɗin da kasonsa zai zo ko kasuwar garinsa ta ci ko ta mutu, ba abin da zai tilasta masa gyara rumfunanta sai tsoron Allah ko tsoron zaɓe. Ba ina kiran a dawo da jangali ba ne. Ina nuna maka inda igiyar ta tsinke.

Yanzu kasafin kuɗi, inda mafi yawan ruɗanin yake. Kasafi ƙiyasi ne na abin da gwamnati ke sa ran samu a shekara da yadda take niyyar kashe shi. Kamar manomi ne da ya zauna tun kafin shuka ya raba buhunan da bai girbe ba: goma na ci, biyar na auren 'ya, uku na biyan bashin taki. In damina ta yi gardama, na ci za a fara cirewa, aure ya jira. Wajen tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi ke aika wa sauran ma'aikatu takarda su kawo buƙatunsu, a tace, majalisar zartarwa ta amince, gwamna ya kai wa majalisar dokoki kamar yadda sashe na 121 ya tanada. 'Yan majalisarmu 24 su raba shi ga kwamitoci, kowane kwamishina ya zo ya kare nasa, a ƙara nan a rage can, a zartar, gwamna ya sa hannu ya zama doka. Abin da dokar ta ba shi izini ne na kashewa har zuwa adadi kaza. Ba ta ajiye kuɗin a wani ɗaki ba.

Kasafin kashi biyu ne. Akwai na yau da kullum: albashi, fansho, man motoci, takardu, biyan bashi. Akwai na manyan ayyuka: hanya, asibiti, rijiyar burtsatse, ginin aji. Gwamnoni suna son su yi shelar cewa kashi 60 ko 70 na manyan ayyuka ne, amma idan kuɗi suka gaza, shi ake fara yankewa, tunda ma'aikaci zai yi yajin aiki, ginin da ba a fara ba kuwa ba ya magana. Sau da yawa kuma ɓangaren manyan ayyuka an jingina shi ne a kan tallafin ƙasashen waje ko bashin da ba a riga an karɓo ba. Idan abin kashewa ya fi abin samu, bambancin shi ne giɓi, da bashi ake cike shi. Bashin jiha galibi daga tushe ake cire shi, wato kafin kason wata ya baro Abuja an zare na masu bin bashi. Wanda aka ciwo da dala, faɗuwar naira ta ninka nauyinsa ba tare da an ƙara aron ko sisi ba. Don haka idan ka ji adadin kason jiha, ka tambaya na kafin cirewa ne ko na bayan cirewa.

Saboda haka "an ware" matakin farko ne kawai. Bayansa ma'aikata za ta rubuta takardar neman izini, gwamna ya amince, a ba da kwangila, ma'aikatar kuɗi ta fitar da waranti, akanta janar ya duba ko akwai kuɗi a ƙasa, a ba ɗan kwangila na fara aiki, injiniya ya je ya duba ya sa hannu, sannan a biya sauran. Na ga fayil ɗin da ya tsallake duk waɗannan matakan ya kwanta a na ƙarshe har shekara ta ƙare, a sake rubuta aikin a kasafin baɗi, a sake shelarsa a rediyo kamar sabo. Na kuma ga wanda aka biya kuɗinsa cif, aka sa hannu an kammala, in ka je wurin ciyawa ce. Na farko rashin kuɗi ne ko rashin gata, na biyu sata ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Abin da zai bambance maka su takardu biyu ne. Ɗaya rahoton aiwatar da kasafi, wanda jihohi suka saba wallafawa duk wata uku a shafukansu na intanet tun da shirin Bankin Duniya na 2018 ya ɗaura tallafinsa a kan yin hakan. A ciki za ka ga abin da aka ware a layi ɗaya, abin da aka kashe a layi na kusa. Ɗayar kuma rahoton odita janar, wanda sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa, kwamitin binciken asusun gwamnati ya zauna a kansa. Ƙananan hukumomi ma suna da nasu odita janar ɗin.

Mu dawo kan firamare. Kuɗinta ta hanyoyi uku suke zuwa, shi ya sa kowa ke iya nuna ɗan'uwansa. Albashinku daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Gine-gine da gyara da kujeru galibi aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne, SUBEB. Ita kuma babbar rijiyarta ita ce UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda dokar 2004 ta ba kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta, ta kawo tsarin ayyukan da za ta yi, makaranta kaza aji kaza, sannan a saki kuɗin. Jihar da ba ta ajiye nata ba, kuɗinta na nan kwance a Abuja, kuma an sha samun jihohi da dama a wannan hali. Tambayar da ta fi amfani a gare ka ita ce: shin sunan makarantarku yana cikin tsarin ayyukan SUBEB na wace shekara? In ba ya ciki, duk biliyoyin da aka ware wa ilimi ba su shafe ku ba tukuna. Hanyar shiga kuwa ta hannun hedimasta da kwamitin kula da makaranta take farawa, zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ya kai sama.

Asusun haɗin gwiwa kuma, kundin ne da kansa ya kafa shi a sashe na 162. Kason ƙananan hukumomi yana sauka a wani asusu da ke hannun jiha, jiha ta ƙara nata gudummawar, a raba musu. Haka aka rubuta. A aikace, a jihohi da yawa, nan ake cire albashin malamai da ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya isa hannun ciyaman bai wuce na albashin sakatariya da 'yan hidimomi ba. Gwamnoni kuma suka saba rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta. Hukunci ne babba, sai dai aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma ko an aiwatar akwai sauran aiki, domin hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ciyamomi, gwamna ne ke naɗa ta, jam'iyyar da ke mulki kuma ita ke lashewa kusan ko'ina a ƙasar nan. Ciyaman ɗin da ya san wanda ya ɗora shi, ko kuɗin sun shigo asusunsa kai tsaye ya san inda zai kai gaisuwa.

Ku malamai kuna da naku tsoron a nan, kuma yana da tushe. A farkon shekarun 1990 an taɓa miƙa wa ƙananan hukumomi albashin firamare, malamai suka yi watanni ba a biya su ba, shi ya sa ƙungiyarku ta malamai, NUT, ta daɗe tana cewa a ba su 'yanci amma a cire albashin malamai tun daga sama. Gwamna Nasir Idris ya shugabanci wannan ƙungiya a matakin ƙasa kafin ya hau mulki a 2023, don haka ba baƙon zancen ba ne a wurinsa. Ni ra'ayina a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu, a tilasta musu liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a ƙofar sakatariya. Ciyaman a garinku yake kwana, kuna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, tambayarsa ta fi sauƙi a kan tambayar wanda sai ka cika fom kafin ka gan shi.

Ɗan majalisa fa? Aikinsa na asali uku ne: yin doka, amincewa da kasafi, da sa ido a kan yadda aka kashe. Ba shi da baitulmali. Abin da ake kira aikin mazaɓa, shi yana zaɓar aikin ne a saka a kasafi, wata ma'aikata ko hukuma ta aiwatar, ko da yake kowa ya san yadda ake yi a zaɓi ɗan kwangilar. Tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ke bin sawun irin waɗannan ayyuka na 'yan majalisar tarayya, kuma tana karɓar ƙorafi. Ga matsalarka, ɗan majalisar jiha ya fi sanata amfani, domin shi ke zaune a inda ake kare kasafin SUBEB, yana iya tambaya a gaban kowa me ya sa ba a saka makaranta kaza ba.

Kiranye yana cikin kundin, sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ka lura, rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, a ƙasar da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 bai fitar da kashi 30 ba. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi, a 2018 abin ya mutu a wajen tantancewa. Gwamna da ciyaman kuwa ba a yi musu kiranye a ƙarƙashin waɗannan sassan, gwamna sai dai majalisa ta tsige shi. Ban ba ka shawarar ka zuba ƙarfinka a nan ba.

Abin da zan ce ka yi shi ne ku rubuta takarda da sunan kwamitin kula da makaranta, ba da sunanka kai kaɗai ba, tunda kai ma'aikaci ne kuma akwai ƙa'idar aiki a kanka. Ku sa yawan ɗalibai, yawan azuzuwan da suka lalace, hotuna, da sa hannun mai unguwa ko hakimi da shugaban iyayen yara. Ku kai wa sakataren ilimi, kwafi ga shugaban SUBEB, ciyaman, kansilanku da ɗan majalisar jiha, kowane ofishi a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. In kuna son sanin ko an taɓa ba da kwangilar gyaran makarantar, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Lokaci ma yana da muhimmanci. Takardar da ta isa a watan Yuli ko Agusta tana iya shiga ƙiyasin shekara mai zuwa. Wadda ta isa bayan gwamna ya sa hannu a kan kasafi, sai dai ta jira ƙarin kasafi in an yi, ko ta jira wata shekarar.